Karatun Gulbi: Abin Da Yaranmu Ke Koyo A Bakin Rima

Duk shekara, sa'ad da sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a suka fito, akwai wata magana da mukan ji a bakin iyaye bayan an tashi daga sujada. Za ka ji uba yana cewa ɗansa ya nemi karatun likita, ga shi an tura shi karatun kifi. Yana faɗa yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wata uwa kuma tambaya take yi, wai yarinyar da ta sha wahalar biya wa kuɗin makaranta shekara goma sha biyu, ƙarshenta masunciya za ta zama? Shi ya sa a wannan mako muka ga ya kamata mu tsaya mu duba ko mene ne ainihin wannan karatu, domin kada mu hana 'ya'yanmu abin da mu kanmu ba mu san shi ba.

Bari mu fara daga Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birnin Sakkwato. Wanda ya bar unguwar ya gangara, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai tarar da fadama, gama birnin yana zaune ne a kan tudu kusa da inda gulabe biyu suka haɗu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtua ya biyo ta Gusau, Gulbin Rima kuma ya gangaro ta Goronyo. Da suka gamu sai ruwan ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya je ya faɗa cikin Kwara. Ruwan famfon da ake sha a cikin birni, da albasa da shinkafar fadama, da kifin da ake soyawa da yamma a bakin titi (kihi, in ji Sakkwatawa), duk da wannan ruwa suka dogara. Haka kuma abin da magudanan unguwa suka kwaso, da ruwan wanki, da na jima, da ragowar taki da maganin feshi na gonaki, duk can suke ƙarewa. To, wa ya san ko gulbin nan yana da lafiya ko ba shi da ita? Mai lafiya da marar lafiya duk gudu suke yi, ido ba ya rarrabewa. Sai an auna. Koyon wannan awo shi ne abin da iyaye ke kira karatun kifi.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka canja mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Mazauninta na dindindin yana hayin Rima ne, ta wajen Dundaye, hanyar da ta tashi daga birni kuwa tana ƙetare gulbin a Kwalkwalawa. Wannan wuri ya daɗe da zama kamar aji na biyu ga ɗaliban nazarin halittu da dabbobi, da na sashen kifi. Wanda ya bi hanyar da sassafe yana iya ganinsu a bakin ruwa, da kwalabe da igiya da littafi, masunta suna gefe suna gyaran taru suna kallonsu.

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne cewa kifi ma numfashi yake yi, kuma iskar da yake shaƙa, watau oksijin, a narke take cikin ruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe ta da yawa. Ruwan da zafinsa yake digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, amma in ya kai digiri 30 sai abin ya sauka zuwa wajen 7 da rabi. Ku tuna fa muna maganar garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. In ƙazanta ta shiga ruwa kuma, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ma wannan iskar suke ci. Yawancin kifaye suna fara wahala in ta yi ƙasa da miligiram 5, in ta sauka zuwa 2 kuwa sai a ga karfasa tana tasowa sama tana haki. Tarwaɗa kuwa ba ta cika damuwa ba, domin tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sarari. Don haka in masunci ya ce maka yanzu a wurinsu babu abin da ake kamawa sai tarwaɗa, ɗalibin da ya san aikinsa ya riga ya fara zargin wani abu.

Ba kowane lokaci ake awon ba. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi, saboda haka iskar takan fi ƙaranci da asuba. Wanda ya yi barci ya zo da hantsi, ya sami lamba mai kyau ya rubuta, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiyar gulbin ba. Yadda ake cika kwalbar ma koyo ne. Dole a nutsar da ita a hankali, a rufe ta a cikin ruwa, kada ko kumfa ɗaya ya maƙale a ciki. Nan take a bakin gulbi a ɗiga wasu magunguna biyu da za su ɗaure iskar, ruwan ya yi gudaji masu launin ƙasa, sa'an nan a kai ɗakin gwaje-gwaje a yi ta ɗiga wani maganin, ɗigo bayan ɗigo, har launin ya ɓace. Yawan abin da aka ɗiga shi ke nuna yawan iskar. Wani ɗalibi ne mai suna Lajos Winkler ya fito da wannan dabara a birnin Budafes na ƙasar Hangari a 1888, lokacin yana neman digirinsa na dakta, har yau kuwa da ita ake gwada ko na'urorin zamani suna faɗin daidai.

Akwai wani kayan aikin da ya fi wannan sauƙi. Faifai ne na ƙarfe ko roba, faɗinsa santimita 20, an shafa masa fari da baƙi, an ɗaura masa igiya mai alamun awo. Ana sake shi cikin ruwa har ido ya daina ganinsa, a rubuta zurfin. Wani limamin Katolika masanin taurari, Fada Angelo Secchi, shi ya fara aiki da irinsa a Bahar Rum a 1865, shi ya sa ake kiran faifan da sunansa. Da shi ake gane yawan laka ko gansakukar da ke cikin ruwa. Bayan wannan sai auna tsamin ruwa, da gishirinsa, da ragowar takin zamani, da ƙarafa masu guba irin su darma. Sai a ja wata 'yar koma mai ido ƙanana ƙwarai, a tace ruwa, a ɗiga abin da ya taru a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A nan ne yaron da ya taso yana wanka a gulbi yakan yi shiru, domin cikin ɗigo ɗaya zai ga halittu iri-iri suna ta iyo, waɗanda su ne abincin 'ya'yan kifi. Lakar gindin ruwa ma ana ɗebowa a tankaɗe. Akwai 'ya'yan ƙwarin da ba sa zama sai a ruwa mai tsabta, akwai kuma wasu jajayen tsutsotsi da suka fi yawa inda ƙazanta ta taru. Kwalba tana gaya maka halin ruwan a ranar da ka ɗebo shi, su waɗannan kuwa suna gaya maka yadda ya kwana watanni.

Sa'an nan a zo kan kifin kansa. Ɗalibi zai saya daga hannun masunta, ya rarrabe karfasa da ƙurungu da ragon ruwa da tsage da giwan ruwa, ya koyi sunan kowanne na Latin, ya auna tsawo, ya auna nauyi, ya tsaga ciki ya ga abin da ya ci, ya duba ko mace ce mai ƙwai. Aiki ne mai ƙarni, ba mu ɓoye ba. Amma daga nan ake sanin tsawon da kowane kifi yake kaiwa kafin ya fara haihuwa, daga wannan kuma ake yanke girman idon tarun da ya kamata a yarda da shi. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa ba ya bukatar a gaya masa ɓarnar masu kamu da gidan sauro, balle masu zuba gamalin a ruwa.

Sai dai duk waɗannan kayan aiki ne kawai. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne tsarin binciken. In kana zargin wani magudani yana ɓata gulbi, ba za ka ɗebi ruwa a bakinsa kaɗai ka zo ka yi ta ihu ba. Sai ka ɗiba a sama da shi inda ƙazantar ba ta kai ba, ka ɗiba a bakinsa, ka ɗiba can ƙasa. A kowane wuri sau uku, domin kwalba ɗaya tana iya ruɗinka. Ka komo wata mai zuwa a daidai wannan lokaci, da damina da kaka da hunturu da bazara, gama gulbin Agusta da na Afrilu kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ka rubuta komai nan take da fensir, domin tawada tana narkewa in littafi ya jiƙe. Bayan haka ka zauna da lissafin ƙididdiga, wanda yanzu a kwamfuta ake yinsa, ka gane ko bambancin da ka gani na gaske ne ko kuwa dace ne kawai. A ƙarshe ka rubuta, ka tsaya gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yi maka tambayoyi. In sakamakon ya saɓa wa abin da ka zata, haka za ka rubuta shi. Mu a ganinmu wannan shi ne kan karatun, kuma yaron da ya iya shi zai iya aiki da shi a asibiti ko masana'anta ko gona.

Me ya sa ƙasar Rima take bukatar irin waɗannan mutane? Dattawa za su tuna da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. An fi tunawa da ita saboda rikicin 1980, sa'ad da manoman da aka raba da gonakinsu suka yi bore, aka rasa rayuka da dama. Amma akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar yana tambaya yana aunawa, ya buga abin da ya samu a 1985. Ya nuna cewa ambaliyar da ta saba rufe fadama duk shekara ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya faɗi har masunta suka riƙa tafiya neman sa'a a wasu wurare. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya yi wannan karatu. Kifin gulabenmu a fadama yake haihuwa. In ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa, nan iyaye ke bi su zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi. Ka hana ambaliya, ka hana haihuwa. Masunta sun san haka tun kaka da kakanni, amma ba a tambaye su ba, kuma a lokacin babu 'ya'yansu da yawa da za su iya mayar da saninsu lambobi su ajiye a teburin masu zanen madatsa.

Ta Goronyo kuma, wadda aka gina a kan Rima, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ruwan da take saki yana cikin abin da Sakkwato ke sha da rani. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofinta, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta kuma karya gadar da ta haɗa jami'ar da birni, har karatu ya tsaya. A farkon 2018 kuwa sai aka wayi gari ruwan madatsar ya ƙafe zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Shekara takwas tsakanin ruwa ya yi yawa da ruwa ya yi kaɗan. Yaushe za a saki ruwa, nawa za a saki, me zai sami kifi da fadama da bikin kamun kifi na Argungu da aka soma tun 1934, waɗannan tambayoyi ne da ba a amsa su da ka.

Ga iyayen da zuciyarsu ke kan likitanci, muna da labari. Wa ya manta da kurkunu? A ƙidayar da aka fara a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya. Babu allurar rigakafinsa, babu maganin sha. Abin da ya kawar da shi shi ne sanin wata 'yar ƙaramar halitta mai iyo a tafki, wadda ido ke gani da ƙyar, ita ce ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha ta cikin ruwa, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo a ƙafa. Da aka gane haka sai aka raba ƙyallen tace ruwa, aka zuba magani a tafkuna, aka hana mai ciwon shiga ruwan sha. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi yawon ƙauyuka a kan wannan aiki. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar mun rabu da shi a 2013.

Tsargiya kuwa tana nan. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya yawaita a ciki, ya fito ya huda fatar wani yaron da ke wanka. Likita zai ba da ƙwaya, yaro ya warke, mako mai zuwa ya koma wannan ruwan. Wanda zai bi bakin gulbi da magudanan noman rani ya gano inda katantanwar take, da watan da ta fi yawa, shi ne ɗan karatun kifin nan. A ƙasar Sanagal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, katantanwa ta yaɗu, cutar ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru kaɗan. Duk inda aka tare ruwa don noma, sai an sa ido.

Ba za mu rufe ido ga matsaloli ba. A jami'o'in ƙasar nan da yawa ɗalibi ne ke sayen magungunan gwaji da kuɗin aljihunsa, wuta ta ɗauke abin da ya ajiye a firji ya lalace. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga mai karanta tarihi jinkiri ne, ga mai awon gulbi wata-wata kuwa damina guda ce ta wuce, ba ta dawowa. Rashin tsaro a gabashin jihar ya sa zuwa wajen Goronyo da Sabon Birni ɗibar ruwa ya zama abin da malami zai yi tunani sau biyu kafin ya tura yaro. Waɗannan duka suna jawo jarabar da ta fi kowacce muni, watau ɗalibi ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro lambobi, ko ya kwafe aikin wanda ya riga shi, ko ya biya a rubuta masa. Mu da aka rene mu da koyarwa a kan mudun gaskiya bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba, kuma uban da ya ba da kuɗin sayen irin wannan aiki yana da hannu a ciki. Lambar ƙarya a kan darma a cikin ruwa tana iya kai wani kabari. Wani abin takaicin kuma shi ne ayyukan kirki da yawa suna nan jibge a ɗakunan karatu, ƙura ta rufe su, babu wanda ya koma Kwalkwalawa ya gaya wa masuntan da aka sayi kifinsu abin da aka gano.

To, ina aikin yi? Ba za mu yi wa kowa alkawarin ofis ba, gama ko likitoci suna yawo da takardu. Akwai dai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga binciken Tafkin Kainji da aka soma a 1968, da kwalejin koyon aikin kifi a garin. Akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da hukumomin ruwan sha, da na kare muhalli, da koyarwa. Wanda bai jira gwamnati ba kuma yana da kasuwa a gabansa. Bisa ga alƙaluman da gwamnatin tarayya ta bayar a farkon shekarun 2020, ƙasar nan tana bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan 1.2 ba. Wasu masu kiwon tarwaɗa da suka karye, ruwa ne ya karya su, ba su san yaushe za a canja shi ba, ba su san abin da ragowar abinci ke yi masa ba. Wanda ya iya ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, ya kuma iya raya su cikin sanyin hunturu da zafin bazara na Sakkwato, manoma ne za su riƙa nemansa har gida.

Mai son shiga sai ya nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kimiyyar sinadarai da nazarin halittu ko aikin gona, ya kuma duba littafin JAMB na shekarar domin sharuɗɗan sukan canja. Digirin nazarin halittu ko dabbobi shekara huɗu ne, na kifi kuwa biyar, da shekara guda a ciki ta aikin hannu. 'Yan mata suna yinsa kamar maza. Shawararmu ita ce yaro ya koyi iyo kafin ya shiga, kada kuma ya raina lissafi.

In kuwa kuna so ku gane ko ɗanku yana da zuciyar wannan aiki tun yana sakandare, gwajin ba shi da tsada. Ku samo farin murfin kwano, ku huda tsakiyarsa, ku zura igiya ku ɗaura dutse a ƙasa, ku yi wa igiyar ƙulli a kowace santimita 10. Ranar Asabar ta farkon kowane wata ku raka shi wurin da zai iya sakin murfin daga kan gada ko kwalekwale, a daidai ƙarfe ɗaya na lokaci kullum, ba tare da ya taka ruwan ba saboda tsargiya. Ya rubuta kwanan wata, da zurfin da murfin ya ɓace, da launin ruwan, da irin kifin da ya gani a hannun masunta. Ku duba littafin bayan wata goma sha biyu ku ga shafi nawa ya cika.